Haraji, Makaranta da Ƙuri'a: Waiwaye a kan Zaɓen 1979 daga Tafashiya

Gabatarwa

A garinmu Tafashiya, cikin ƙasar Kankiya, har yanzu akwai dattawan da ke lissafin shekaru da haraji. Idan ka tambayi ɗayansu shekarun ɗansa, sai ya ce maka an haife shi damina biyu bayan kashe haraji, kamar dai yadda wani zai ce shekarar canjin kuɗi ko shekarar babban fari. Shekarar da suke nufi ita ce 1979. Abin da bai cika fitowa daga bakinsu ba shi ne, yaran da aka haifa a wannan tsakani su ne suka isa shiga aji suka tarar malamai na yin watanni ba albashi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a haɗa waɗannan al'amura biyu wuri ɗaya a dube su, watau kashe haraji da kuma kuɗin tafiyar da makarantar firamare, sa'an nan a ga inda aka nemi ra'ayin talaka a ciki da inda ba a nema ba. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne, an tambayi manomin Tafashiya ko yana son a sauke masa haraji, ya kuwa amsa, amma ba a taɓa tambayarsa wa zai ɗauki nauyin makarantar ɗansa ba. Raba tambayoyin nan biyu da aka yi shi ne ya jawo mana akasarin abin da muke gani a yau.

Ƙuri'a iri biyu

Kalmar ƙuri'a ararriya ce daga Larabci. Ma'anarta ta asali ita ce jefa wani abu don a fid da rabo, kamar yadda magada kan yi idan an kasa kaso an rasa wanda zai fara ɗauka. Da siyasar jam'iyyu ta zo sai aka yafa wa kalmar sabuwar riga, ta zama takardar da ake jefawa a akwati. To, ita wannan ƙuri'a ta zamani iri biyu ce. Akwai wadda ake jefa wa mutum, a ce wane ake so ya zama gwamna ko wakili. Akwai kuma wadda ake jefa wa magana, a kawo batu guda a rubuce a ce kowa ya amsa da i ko a'a. Wannan ta biyun ita ake kira ƙuri'ar raba-gardama.

Ba a ce ba a taɓa yin irinta a ƙasar nan ba. An yi ta a Arewacin Kamaru a Nuwamba 1959, mutane suka zaɓi a jinkirta shawara, aka sake yi a Fabrairu 1961 suka zaɓi zama cikin Nijeriya, abin da ya haifar da Lardin Sardauna. An kuma yi wata a Yuli 1963 kafin a yanke Jihar Yamma ta Tsakiya daga Jihar Yamma. Tsarin mulkin 1999 ya tanade ta wajen ƙirƙiro sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, da wajen yi wa ɗan majalisa kiranye. Mai karatu zai lura duk maganar iyaka ce ko ta kujera. Maganar aljihu ba ta taɓa hawa takardar ƙuri'a ba.

A wasu jihohin Amurka ba haka abin yake ba, kuma kawo misali guda zai taimaka mana wajen gane abin da muka rasa. A jihar Kalifoniya jama'a na iya tara sa-hannu su sa a kawo doka gaban masu zaɓe kai tsaye. A Yuni 1978, watau wata goma sha shida kafin a kashe haraji a Jihar Kaduna, masu zaɓen Kalifoniya sun amince da shawara mai lamba 13, wadda ta daddale harajin gidaje da filaye a kan kashi 1 cikin ɗari na ƙimarsu. Da wannan haraji ne gundumomi ke riƙe makarantunsu, saboda haka nauyin ya koma wuyan gwamnatin jiha. Bayan shekara 34, a Nuwamba 2012, sai ga shawarwari uku a takarda ɗaya. Ta 30, wadda Gwamna Jerry Brown ya kawo, ta nemi a ƙara harajin sayayya na shekara huɗu, da na masu samun fiye da dala 250,000 a shekara na tsawon shekara bakwai. Ta 38, wadda wata lauya mai suna Molly Munger ta ɗauki nauyinta, ta nemi a ƙara wa kusan kowa harajin abin da yake samu na shekara 12, a zuba akasarin kuɗin a makarantu. Waɗannan biyu kishiyoyin juna ne, dokar jihar kuwa ta ce idan duka suka ci, wadda ta fi yawan ƙuri'a ita za a bi. Ta uku, mai lamba 32, ta nemi a hana amfani da kuɗin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci wajen harkar siyasa, ƙungiyoyin ƙwadago suka tashi haiƙan a kanta. Ta 30 ta ci da kimanin kashi 55 cikin ɗari, sauran biyun suka faɗi.

Ba yabon tsarinsu ya kawo mu nan ba, domin shi ma yana da nasa ciwon: mai kuɗi ne ke iya biyan masu tara sa-hannu da masu talla. Abin lura kawai shi ne, an ɗora wa mai zaɓe haraji da makaranta da albashin ma'aikaci a faifai ɗaya, ya ga abin da zai biya da abin da za a yi da shi. Waɗannan abubuwa uku su ne za mu bi sawunsu a ƙasar Kankiya.

Harajin da aka kashe

Haraji ma kalmar Larabci ce, asalinta kuɗin da ake ɗora wa ƙasar noma. Kafin zuwan Turawa talakan Katsina na biyan kuɗin ƙasa, marini na biyan kuɗin karofi, mai lambu na biyan kuɗin rafi, Bafillatani kuma jangali, ban da zakka da addini ya wajabta. Dokar Lugga ta 1906 ta nemi ta dunƙule waɗannan su zama abu guda da za a biya da tsabar kuɗi sau ɗaya a shekara. A Katsina ne kuma, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Baturen mulki H. R. Palmer, aka fara gwada Baitulmali, inda ake tara kason En'e a yi masa kasafi, a yanka wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi. Daga nan tsarin ya bazu sauran ƙasashen sarakunan Arewa. A farko rabin abin da aka tara ke zama a Baitulmali, rabi ya tafi ga gwamnati.

Hanyar karɓa a bayyane take. Mai unguwa ya san kowane magidanci da kowane saurayin da ya isa, shi zai kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai birni. A takarda abu ne mai tsabta. A ƙasa kuwa labari ya sha bamban, kuma a nan ya kamata a ɗan tsaya, domin wanda bai fahimci zafin haraji ba ba zai fahimci 1979 ba.

Na farko dai lokacin karɓarsa. Da kaka ake nemansa, sa'ad da kowa ya kawo amfanin gona kasuwa farashi ya faɗi warwas. Manomi zai sayar da gyaɗa ko auduga, in ba su kai ba ya taɓa hatsin rumbu, sa'an nan da bazara ya koma ya sayi hatsin nan da tsada ko ya ci bashin da zai biya ninki. Samari da yawa ba don sha'awa suke tafiya cin rani ba, neman kuɗin haraji ne. Na biyu, a ƙauye kusan kai ake ƙirgawa, ba dukiya ba, mai shanun huɗa da mai fartanya ɗaya bambancinsu kaɗan ne. Na uku kuwa, wanda ya fi zama a zukatan mutane, shi ne wulaƙanci. Dattawa na ba da labarin magidanci da za a tsare a rana gaban iyalinsa, da wanda za a ƙwace akuyarsa, da wanda ya mutu ko ya ƙaura amma sunansa bai fita daga littafi ba, sai 'yan'uwa su biya masa. Takardar haraji ta zama kamar fasfo: a tasha ko a bakin kasuwa ɗan doka na iya tare ka ya ce ka nuna. Ga kuma abin da ke maƙalewa a hannuwa tsakanin zauren mai unguwa da Baitulmali. Tun da aka kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, wannan shi ne babban abin da take kuka da shi, kuma ba ta rasa masu saurare a ƙauyukan Katsina ba. Farin 1973 da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975 suka daɗa tsananta al'amarin, don abin sayarwa ya tafi amma mai karɓa bai fasa zuwa ba.

Duk da haka akwai gaskiya guda da ba a cika faɗa ba. Daga Baitulmalin nan ake gina makarantun elementare na En'e, daga nan ake biyan malamansu, har da allo da alli. Watau kuɗin manomi ne ke riƙe makaranta. Sai dai manomin bai san haka ba, ba wanda ya zauna ya gaya masa, kuma ko an gaya masa da wuya ya yi murna, domin a wancan zamani ɗaukar yara makaranta shi ma wani irin haraji ne. Hakimi zai aiko a ba da yara kaza, iyaye su ɓoye nasu a rumbu ko su tura su gabas karatun allo, a ƙarshe ɗan marar gata ake miƙawa. Mai karɓar haraji da mai kamun yara mutum ɗaya ne. Ashe tun farko an ƙulla igiya tsakanin haraji da makaranta, amma igiyar tilas ce.

Ilmi kyauta, 1976

A shekarar 1976 abubuwa biyu suka faru waɗanda suka sauya wannan tsari. Aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi a duk ƙasa, Kankiya ta zama hedikwatar ɗaya daga cikinsu a Jihar Kaduna. A watan Satumba kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka bayyana. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba suka wayi gari da gini mai rufin kwano, aka buɗe kwalejojin horon malamai cikin gaggawa, wanda ya gama firamare jiya ya zama malami gobe.

Da kuɗin man fetur aka yi wannan, daga Ikko. Ba a ƙara wa kowa ko kwabo ba, shi ya sa kalmar kyauta ta zauna daram a kunnen jama'a. Yana da kyau a gwada wannan da abin da ya faru a Jihar Yamma shekara ashirin kafin nan. Da gwamnatin Awolowo ta yi niyyar fara ilmi kyauta a 1955, sai da ta fara ɗora wa jama'a ƙarin kuɗin ilmi da lafiya. Mutane suka yi bore a wurare, a zaɓen tarayya na 1954 kuma NCNC ta fi jam'iyyarsa kujeru a jiharsa ta kansa. Ya sha kaye, amma Bayaraben da ya biya ya san makarantar tasa ce. Mu a nan makaranta ta zo mana kamar ruwan sama, sunanta ma makarantar gwamnati.

Ƙuri'u biyu masu karo da juna

Zaɓen 1979 kashi biyar aka yi shi. Ran 21 ga Yuli aka zaɓi 'yan Majalisar Dokokin jiha, ran 28 ga Yuli aka zaɓi gwamna. A Jihar Kaduna, wadda ta ƙunshi Lardin Zazzau da na Katsina, NPN ta kwashe kusan kashi biyu cikin uku na kujeru 99 na majalisa. Bayan kwana bakwai tak, masu zaɓen jihar suka ba Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP kujerar gwamna, suka ka da ɗan takarar NPN, Alhaji Lawal Kaita, mutumin Katsina. Dalilan haka suna da yawa, ciki har da haɗuwar magoya bayan ƙananan jam'iyyu wuri guda da kuma tsohuwar gasa tsakanin lardunan biyu. Amma ko mene ne dalili, sakamakon shi ne jiha ɗaya ta ba da amsa biyu masu cin karo: gwamna mai alkawarin rushe tsohon tsari, da majalisa mai alkawarin kare shi. Wannan shi ne mafi kusa da ƙuri'ar raba-gardama da muka taɓa samu a kan haraji, da bambanci guda. A Kalifoniya doka ta faɗi wadda za a bi idan amsoshi biyu sun yi karo. A Kaduna babu wannan tanadi, sai dai a gwada ƙwanji.

Da hawansa a farkon Oktoba 1979, Balarabe Musa ya ba da sanarwar kashe haraji da jangali. Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ya yi haka a Kano. Cikin waɗanda suka riƙe muƙamin sakataren gwamnatin Kaduna a zamanin PRP akwai Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi daga Jami'ar Ahmadu Bello, mutumin Musawa, maƙwabciyarmu. Ba abin mamaki ba ne da hujjar gwamnatin ta zama ta tarihi: haraji sanda ce da mulkin mallaka ya miƙa wa sarakuna, abin da yake kawowa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da kason man fetur, kuma wani kaso nasa a wajen karɓa yake ƙarewa. Masu suka suka ce an yanke wa ƙananan hukumomi hanyar samun kuɗinsu ta kansu, an kuma raba hakimai da dagatai da littafin da suke sanin jama'arsu da shi. A ganina kowane ɓangare ya faɗi gaskiya, sai dai ta gwamna ta fi nauyi a wancan lokaci, shaida kuwa ita ce ba a daɗe ba wasu jihohin Arewa, har da waɗanda ba na PRP ba, suka bi sahu. Ba ɗan siyasar da ya yarda a gan shi yana kare haraji a bainar jama'a.

Saboda haka faɗan ya koma wani fage. Majalisa, ƙarƙashin shugabanta Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, ta yi ta mayar wa gwamna da sunayen kwamishinonin da ya aika, har ya yi mulkinsa duka ba kwamishina ko ɗaya. Ran 23 ga Yuni 1981 ta tsige shi, gwamna na farko da aka taɓa yi wa haka a Nijeriya. Mataimakinsa, Alhaji Abba Musa Rimi, ya ƙarasa zangon. Wata ashirin da ɗoriya aka kwashe ana wannan ja-in-ja, kuma a cikinsa ba a zauna an warware tambayar da ta fi shafar ƙauye ba: tun da an kashe haraji, makarantun da UPE ta haifa kuma sun ninka, daga ina ƙaramar hukuma za ta riƙa biyan malamai idan kuɗin mai ya ja baya?

Bai daɗe ba kuwa ya ja. Tsarin mulkin 1979 ya riga ya sa hannun ƙananan hukumomi cikin ɗaukar nauyin firamare, gwamnatin tarayya ta janye daga biyan kuɗin kai tsaye, dokar rabon arzikin ƙasa ta 1982 ta ba ƙananan hukumomin ƙasar duka kashi 10 cikin ɗari. Kasuwar mai ta faɗi a 1981, a Afrilu 1982 gwamnatin Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu. Malaman firamare a jihohi da dama suka shiga bin bashin albashi, iska ta kwashe rufin azuzuwan 1976 ba mai mayarwa. Sashe na 18 na tsarin mulki ya yi alkawarin ilmi kyauta, amma ya ce sai lokacin da hali ya yi, kuma yana cikin babin da ba a kai gwamnati ƙara a kansa.

Da soja suka dawo a ƙarshen 1983, gwamnoninsu a jihohi da yawa suka maido da kuɗin kai da kuɗin makaranta, wani wuri da tsohon suna, wani wuri da sabo irin su kuɗin raya ƙasa. Ba a jefa ƙuri'a ba, sanarwa aka yi a rediyo. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan: harajin ya dawo, makarantar ba ta gyaru ba. Daga nan aka shiga jefa firamare daga hannu zuwa hannu. Aka kafa hukumar ilmin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka maido ta a 1993. A tsakanin nan aka yanke Jihar Katsina ran 23 ga Satumba 1987 da ƙananan hukumomi bakwai, Kankiya na ciki, daga baya suka zama 34, Kusada ta sami tata. Kowace sabuwar ƙaramar hukuma sabuwar sakatariya ce da sababbin ma'aikata, daga tukunya ɗaya kuma ake ɗiba.

Aljihun da ba ya gudu

Saura abu na uku, watau albashin ma'aikaci. Manomi na iya ɓuya, Bafillatani na iya kora shanunsa ya tsallaka iyaka, amma mai albashi ba shi da wurin gudu, don kafin kuɗin su iso hannunsa an riga an cire abin da za a cire. A ƙauye irin namu mai albashi kuwa, in ka ɗebe malamin asibiti da malamin gona, malamin makaranta ne. Dokar soja ta 1978 da ta dunƙule ƙungiyoyin ƙwadago zuwa 42 ƙarƙashin NLC ta sa a riƙa cire kuɗin ƙungiya daga albashi kai tsaye, sai a gyaran 2005 aka rubuta cewa shiga ƙungiya ganin dama ne. A ƙarshen 1985 gwamnatin Babangida ta zaftare albashin ma'aikata da sunan farfaɗo da tattalin arziki, a daidai watannin da ta buɗe muhawara a kan karɓar bashin IMF, ta ce jama'a sun ƙi, sa'an nan a 1986 ta kawo SAP mai ɗauke da yawancin sharuɗɗan bashin. Dokar asusun gidaje ta 1992 ta ɗora kashi 2.5 cikin ɗari. Ban da waɗannan akwai na gida, waɗanda duk wanda ya taɓa koyarwa ya san su: asusun kaza, gidauniyar kaza, tarbar baƙo, sallamar shugaba.

Abin da ya kamata ɗalibin harshe ya lura da shi a nan shi ne sunan da ake ba irin wannan cira. Ba a ce haraji, sai a ce gudummawa. Asalin gudummawa kuwa shi ne a ji kururuwar maƙwabci, ko ta yaƙi ko ta gobara, a ruga a kai ɗauki. Ginshiƙin ma'anarta shi ne mutum ya tashi da ƙafarsa. Idan aka cire kuɗi tun daga ofis, ba a shawarci mai su ba, aka kira abin gudummawa, to an ari kalmar ne don a rufe bakin mai ƙorafi, domin wa zai fito ya ce ya ƙi kai gudummawa? Tafiyar kalmomin ita ce tafiyar al'amarin: haraji ya zama kuɗin raya ƙasa, kuɗin raya ƙasa ya zama gudummawa, sunan na daɗa laushi, neman yardar mai biya na daɗa nisa. Ta fuskar siyasa kuwa, abin da shawara ta 32 ta nema a Kalifoniya ta kasa samu, mu tsarin mulkinmu ya riga ya yanke shi: sashe na 221 ya hana kowace ƙungiya da ba jam'iyya ba zuba kuɗi a asusun jam'iyya ko na ɗan takara. Shi ma ba a tambayi kowa ba.

Sauran hanyoyin da aka ɓullo da su duk daga sama suke. Dokar 1993 ta ɗora wa kamfanoni harajin ilmi na kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, amma a 2011 aka keɓe asusun ga manyan makarantu, ya zama TETFund, wanda mu da ke jami'a muke cin moriyarsa, firamaren da ta yaye mu kuwa ba ta ciki. An ƙaddamar da UBE a Sakkwato a Satumba 1999, dokarta ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauka. Albashin malaman firamare kuma aka saba cire shi daga kason ƙananan hukumomi tun kafin ya isa gare su. A Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, sai ga ƙungiyar malamai ta NUT tana nuna fargaba, domin ba ta manta da shekarun da albashin 'ya'yanta ke hannun ƙananan hukumomi ba.

Taron iyaye

Wuri ɗaya na sani inda har yanzu ake haɗa tambayoyin nan biyu a gaban mai biya, shi ne taron iyayen yara. Na halarci wani a wata makaranta ta yankinmu bayan iska ta yaye rufin aji biyu. An rubuta takarda sama, an jira damina guda, ba amsa. Da aka taru a gindin bedi sai shawara ta rabu biyu. Wasu suka ce kowane gida ya kawo daidai wa daida, tun da makarantar ta gari ce, wanda ba shi da ɗa a ciki yau gobe jikansa zai shiga. Wasu suka ce a'a, a bi yawan yara da kuma ƙarfin mutum, mai shago da mai motar haya su fi mai fartanya. Wani dattijo da ya ga zamanin En'e ya ce shawarar farko haraji ce aka canja wa riga, shi kuwa ya rantse ba zai sake biyan kuɗin kai ba. Wani ya mayar masa da cewa ai harajin da ya sani ba a taɓa tara shi an tambaye shi ba, yau kuwa ga shi zaune ana jin ta bakinsa. Aka kawo maganar malamai su ma a cire wani abu daga albashinsu, shugaban makarantar ya miƙe ya karanta abubuwan da aka riga aka cire masa a wannan wata, ɗaya bayan ɗaya, maganar ta mutu a nan.

Aka ɗaga hannu, shawara ta biyu ta rinjaya da kaɗan. Aka zaɓi mutum uku su riƙe kuɗin, aka ce wanda ba shi da tsaba ya kawo gero da kaka, kuma a karanta sunan kowa da abin da ya bayar a ƙofar masallaci bayan an sauko daga Juma'a. Dattijon nan tiya biyu ya kawo, ya kuma tsaya sai da aka rubuta masa rasit. Aji ɗaya aka samu rufewa a wannan shekara, ɗayan yara suka ci gaba da zama a gindin bedin.